Yadda Ake Amfani da Na'urar Gano Kifi a Kwale-kwalen Haya

Masu sayar da na'urar nan za su ce maka ka manna ta kawai ka kunna. Wanda ya taɓa hayar kwale-kwalen katako a tafkin Kainji ya san zancen ba haka yake ba.

Ka cika batir tun da dare. Ƙarami mai volt 12 yana kai ni wuni guda da Garmin Striker 4, kuma ita nake so saboda ana ganin fuskarta ko rana ta take. Sa batirin a bokitin fenti mai murfi, don kwale-kwale ba ya rabuwa da ruwa a ciki.

Wahalar tana wurin ɗan abin da ke shiga ruwa, wanda nake kira kunne, domin shi ke tura sauti ƙasa ya saurari dawowarsa. Robar mannawa da ke zuwa da shi ba ta kama katako. Na yarda da ita sau ɗaya, muna barin gaɓa ta saki, farfela ta tsinke wayar, na wuni ina kallon baƙin allo. Tun daga ranar na yanki bututun roba irin na famfo, tsawon kamu biyu, na ɗaure kunnen a ƙarshensa, ina damƙe shi a gefen jirgi da ƙarfen da kafintoci ke matse katako. Kada ka buga ƙusa a jirgin mutane, kuma ka nuna wa mai jirgin abin da za ka yi kafin ka yi.

Kunnen ya sauka ƙasa da gindin jirgi kamar faɗin tafin hannu, fuskarsa na kallon ƙasa sak. In ya karkace, zurfin da zai ba ka ƙarya ne. Nisanta shi da injin, saboda kumfa tana toshe sautin. Ka kuma ɗaure bututun da igiya a jikin bencin zama. Sannan ku zauna inda za ku wuni kafin ka daidaita shi, don mutum ɗaya in ya matsa, kwale-kwale ya kwanta gefe.

Da ka kunna, kashe hotunan kifin nan da na'urar take zanawa. Ciyawa ma kifi take kiranta. Kifi na gaske yana fitowa kamar baka a kife idan jirgi na tafiya a hankali, kuma jakar iskar cikinsa ce ta fi mayar da sautin. Abin da ke gefen dama na allon shi ke ƙarƙashinka yanzu, na hagu ka riga ka wuce shi. Faɗin abin da take gani kaɗan ne: a zurfin mita 9, da'irar ba ta wuce kamar mita 3 ba.

Ni ƙasan ruwa na fi kallo. Da aka tare kogin Neja a Kainji a 1968, ruwa ya shanye gonaki da itatuwa har da tsohon garin Bussa. Inda ƙasa ta gangara kwatsam, ko kututture ya bayyana, nan giwan ruwa ke fakon ƙananan kifaye, nan kuma ƙugiya ke maƙalewa. Tarwaɗa kuwa kwanciya take a laka, da wuya ka bambanta ta da ƙasa, don haka tambayi mai tuƙinka, ya fi na'urar sanin makwancinta.

Sa rigar kariya, musamman in iskar hunturu ta taso. Da kun doshi gaɓa, ɗaga bututun kafin kunnen ya goge yashi.