Guzurin Ɗan Tsako a Cikin Ƙwai

Ƙwan kaza yakan ƙyanƙyashe a kwana 21. Kusan sulusin gwaiduwa kitse ne, shi ne kuwa abincin ɗan tsakon. A makonni biyu na fari kaɗan yake sha. A mako na uku jijiyoyin jini sukan kwashi kitsen da sauri: wani ya taru a hanta har ta yi rawaya, wani da ake kira DHA ya nufi ƙwaƙwalwa da idanu. Wajen kwana na 19 ragowar gwaiduwar takan shige cikinsa, ta riƙe shi kwana biyu bayan fitowarsa.

Ƙaunatattu, irin kitsen nan yana bin abin da uwar ta ci. Iyaye, me muke ci a ruhaniya da zai zama guzurin 'ya'yanmu? A karanta Matiyu 6:26 cikin sujadar iyali.