Yadda Ake Neman Aure a Gidan Masu Karnuka

Duk wanda ya bi hanyar da ta rabu daga Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, ta ratsa Tudun Wadan Dankadai, ta keta dajin Falgore har ta sada shi da ƙasar Doguwa da duwatsun Riruwai, ko kuwa ya zaga ƙauyukan Bebeji da ke gefen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, lalle zai lura da wani al'amari da mutumin birni bai saba da shi ba, watau girman matsayin kare a gidaje da yawa na wannan yanki. Manomi yana ajiye shi saboda birai da ke ɓarnar masara a gonakin bakin daji, Bafulatani yana ajiye shi don tsaron garke, balle tun shekarun da ɓarayin shanu suka mai da Falgore maɓoyarsu, mafarauci kuwa, wanda da shi yake kama zomo da gafiya da gada idan rani ya yi, ba ya haɗa karensa da komai cikin abin da ya mallaka. A irin waɗannan gidaje ma ana haihuwar 'ya'ya mata masu tarbiyya, samari suna zuwa neman aurensu, kuma sau da yawa saurayi yakan rasa yarinyar kirki saboda jifa ɗaya da ya kai wa karen ubanta a ƙofar gida. Don haka ga matakan da ya kamata mai nema ya bi.

Mataki na farko: ka san hukuncin kafin ka taka ƙofar

Yawancin ƙyamar da muke yi wa kare ta fi ƙarfin abin da malamanmu suka karantar, domin a mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta littattafan zaurukanmu suka ginu, duk mai rai tsarkakakke ne, shi da yawunsa da guminsa, kamar yadda yake a Muhtasar na Shaihu Halil. Umarnin da ya zo na wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a cikinta kuwa, Malikawa sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, watau bin umarni tsantsa. Shafi'awa da Hambalawa sun tafi a kan cewa najasa ce mai kauri, a wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Wannan saɓani ne na fuƙaha'u masu daraja, kuma wanda ya zaɓi ya wanke rigarsa don fita daga saɓani ya kyauta, muddin bai mai da haka hujjar wulaƙanta mutane ba.

Game da ajiye shi, hadisi ya tabbata cewa ladan mai kare yana raguwa kowace rana, sai fa karen farauta ko na kiwo ko na gona, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ta tafi a kan haka. Masu sharhinta sun hakaito cewa shi kansa Shaihin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo idan an ambaci sunan Allah. Idan ka riƙe waɗannan mas'aloli, za ka shiga gidan da zuciyar da ba ta raina sana'ar masu shi, kuma wannan shi ne asasin duk abin da zai biyo baya.

Mataki na biyu: ka yi tambaya kafin ziyara

Tun da al'ada ba ta yarda ka zauna hira da wanda kake fatan ya zama surukinka ba, abokin shawararka a nan shi ne ƙanin yarinyar, wannan yaron da ake aikawa ya ce ana sallama da wance, domin galibi shi ne mai kai wa karnuka dusa da sauran tuwo, kuma muryarsa suka fi sani. Ka tambaye shi karnuka nawa ne, mene ne sunan kowanne, wanne ne mai faɗa, ko akwai karya mai shayar da kwikwiyo, da kuma lokacin da ake kwance su. A gidaje da yawa ana ɗaure su da rana a sake su da dare, saboda haka zuwanka na farko ya kasance tsakanin La'asar da Magariba, lokacin da ido ke ganin ido, ko da kuwa samarin garin sun saba zuwa zance bayan Lisha.

Mataki na uku: tsayuwar farko a ƙofar gida

Idan a kan babur kake, ka kashe shi tun daga nesa ka turo shi, domin ƙararsa da gudunsa suna tayar wa kare da sha'awar bi. Ka yi sallama da murya matsakaiciya, ka tsaya a waje har wani ɗan gida ya fito. In karen ya riga shi fitowa yana haushi, to, a nan ake gane natsattse: kada ka gudu, kada ka daka masa tsawa, kada ka dalle masa ido da tocila, kada kuma ka sunkuya, gama karen ƙauye ya san cewa sunkuyon mutum ɗaukar dutse ne. Ka ɗan juya masa gefenka, ka sauke hannuwanka, ka tattare bakin babbar rigarka kada iska ta riƙa kaɗa ta, ka kawar da idonka daga nasa, domin ƙura ido a wurinsa neman faɗa ne.

Ka lura da jikinsa. Idan gashin bayansa ya tashi, wutsiyarsa ta sandare, leɓensa ya yaye har haƙora suka bayyana, yana gurnani ƙasa-ƙasa, sai ka ja da baya sannu a hankali ba tare da ka ba shi baya ba. Idan kuwa jikinsa ya saki, ya matso yana shinshinar takalminka da ƙafar wandonka, ka ƙyale shi ya gama, domin da hanci yake sanin mutane, kuma abin da ya shaƙa yau da shi zai gane ka gobe. A wannan rana kada ka kai hannu kansa ko da ya kaɗa maka wutsiya. Ya ishe ka riba ka shiga zaure ka zauna a tabarma, shi kuma ya koma ya kwanta.

Mataki na huɗu: sabo da izinin masu shi

Sabo ba ya samuwa a zuwa ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A zuwa na gaba ka kira shi da sunansa da murya mai taushi, ka bar shi ya zo da kansa. Idan ya saba har yana kwanciya kusa da tabarmarku, ka fara shafa shi a ƙirji ko gefen wuya, ɗan gida yana tsaye, ka bar saman kai da wutsiya. Kada ka kusance shi yana cin abinci ko yana barci, kuma karya mai jego ka nisance ta gaba ɗaya har ta yaye.

Batun abinci yana da ladabi na musamman. Mafarauci ba ya son karensa ya saba karɓa daga hannun baƙo, domin ta wannan ƙofa ɓarawo ke shigowa da guba, saboda haka idan ka sayo ɗan nama ko hanji daga mahauta, ka miƙa wa yaron ka ce, "Ƙanina, ga wannan a ba su Duna in Baba ya yarda." In an ba ka izini ka ba shi da kanka, ka ajiye a ƙasa ka ja baya. Kada ka ba shi dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soke hanji, kada ka ba shi goro ko cakulan ko abincin da albasa ta yi yawa a ciki, duk suna cutar da shi. Abin da ba a hana kowa bayarwa shi ne ruwa. Idan ka ga kaskonsa ya bushe a zafin bazara, harshensa a waje yana haki, ka roƙi a cika masa, kana tuna hadisin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Mataki na biyar: ka kiyaye harshenka, ka buɗe kunnenka

Yarinyar da ta tashi a irin wannan gida tana da labarin karnukansu kamar yadda 'yar Fulani take da labarin shanu: wanda ya kori maciji daga rumbu, wanda ya dawo daga dawa da rauni ta yi jinyarsa, wanda ya mutu gidan ya kwana ba walwala. Idan ta ɗauko irin wannan hira, ka saurara da gaske, ka yi tambaya, kada ka yi dariyar raini, domin tana gwada maka wani sashe na zuciyarta ne, tana kuma auna yadda za ka riƙe abin da yake da rauni a hannunka. Kada ka zagi kowa da sunan kare a gabanta. Kada ka tambayi kuɗin karen gidan ko ka nemi a sayar maka, domin ban da cewa malamai sun yi saɓani a kan cinikinsa, mai shi zai ji kamar ka yi wa amininsa kuɗi.

Haka kuma kada ka yi riya. Idan tsoron kare kake ji, ka gaya mata gaskiya, za ta sa a ɗaure shi har ka saba. Wanda ya yi da'awar jarumtar da ba shi da ita, ranar da aka gayyace shi farauta zai ji kunya. In yayyenta suka gayyace ka, ka je ka ga yadda ake sakin kare da bisimilla da yadda ake gaggauta yanka abin da aka tarar da sauran rai, amma ka sani dajin Falgore gandu ne na gwamnati da doka ta hana farauta a cikinsa, kuma neman yardar surukai bai halatta maka taka doka ba.

Mataki na shida: kyautar da ta fi toshi amfani

Ciwon haukan kare, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, yara ne da yawa daga cikinsu, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Alhali kuwa rigakafinsa allura ce da ake yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda take aiki tun 1924, tana sarrafa ta a ƙasar nan. Saurayin da ya bi ta hannun yayan yarinya, cikin ladabi, ya ɗauki nauyin kawo malamin dabbobi a yi wa karnukan gidan allura, a ba su maganin tsutsar ciki da na kaska, ya yi wa gidan hidimar da za a daɗe ana ambato.

Idan kuwa ƙaddara ta sa kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ka tafi asibiti a ranar don a duba batun allura, kada kunyar surukai ko maganin gargajiya su tsayar da kai. A ɗaure karen a sa masa ido kwana 10. Kada ka ɗauki fansa a kansa, gama Risala ta hukunta cewa wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiyewa zai biya ƙimarsa.

Mataki na bakwai: a yi sharaɗi kafin a shafa Fatiha

Idan magana ta kai ga manya, aka kai gaisuwa, ana shirin sa rana, to, wajibi ne ku fahimci juna a kan abin da zai faru bayan tarewa. In tana son ta taho da kwikwiyo daga gidansu, ku duba ko kuna da hujjar ajiye shi ta gona ko kiwo ko tsaro, ku yarda cewa makwancinsa yana waje, nesa da ɗakin kwana da wurin salla da randar ruwa, saboda hadisin da ya zo a kan mala'iku da ɗakin da kare yake ciki, kaskonsa daban, kuma a san wanda zai ciyar da shi, a kuma kiyaye haƙƙin maƙwabta da kajinsu da 'ya'yansu.

Wannan nasiha ta shafi 'yan mata ma. Ke da mafarauci yake nema, ki sani tun yanzu cewa da rani zai yi kwanaki a dawa, kuma wani kaso na hatsin gidan na karnuka ne. Ki tambaya ta bakin waliyyinki a ina suke kwana, wa yake dafa musu, an yi musu allura ko ba a yi ba. Ki kuma lura da yadda yake bi da su, domin namijin da ke barin dabbarsa da yunwa, ko yake dukanta ba dalili, ya nuna miki halinsa tun kafin ki shiga gidansa.

Ya kai ɗan'uwa mai neman aure a ƙasar Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ka sani masu gida suna kallon yadda kake yi da karensu tun ranar da ka fara sallama, kuma da shi suke auna haƙurinka da tausayinka kafin su damƙa maka amanar 'yarsu. Ka nemi ilimin mas'alar a wurin malamin garinku, ka je da natsuwa, ka ciyar da izini, ka yi rigakafi, ka faɗi sharaɗinka a fili. Allah Ya haɗa kowa da abokin zama na alheri, Ya sanya rahama a zukatanmu ga dukkan halittunsa, amin.