Amsar Tambaya: Tallafin Ajin Share Fage

Tambaya: Ni shugabar wata firamare ce a Fagge. Ajinmu na share fage ya samu tallafin shekara ɗaya. Malamai na so mu sayi kwamfutocin hannu irin na makarantun kuɗi na Sabon Gari. Ya zan yi?

Amsa: Malama, Allah ya sanya albarka. Gaskiya ban goyi bayan kwamfutocin ba. Wuta ba ta zama, kuma gilashi ɗaya ya fashe, shi ke nan, ba kuɗin gyara.

Ki tuna shirin tallafin ilimi na NIPEP da aka fara a 2015 da dala miliyan 100 don Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa da Sakkwato. Har azuzuwan share fage sun amfana, amma ya zo ya wuce. Naki ma zai ƙare, don haka ki zuba kaso mafi tsoka wajen horar da malamar ajin. Ɗan shekara huɗu yana buƙatar wadda za ta zauna da shi a tabarma, ta yi masa tatsuniya da Hausa, ta sa shi ƙirga marafan kwalba, ta bar shi ya kwaɓa yumɓu har rigarsa ta ɓaci. Da sauran kuɗin ki sayi littattafan hoto, alli mai launi, butoci da sabulu. Kasuwar Sabon Gari na nan kusa.

Kafin ki taɓa ko kwabo, ki karanta sharuɗɗan masu tallafin, ki zauna da kwamitin gudanar da makaranta, iyaye mata su halarta. Kowane rasit ki adana shi, ki kuma sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Fagge.