LAMBU A BAKIN TAGA

Ina so in yi amfani da wannan fili in bayyana muku wani ɗan ilmi da na samu a makaranta, na gwada shi a gida, na kuma ga amfaninsa. Ilmin kuwa shi ne yadda mutum zai shuka ganyen miya da na kwaɗo a cikin ɗaki, a cikin ruwa, ba tare da ƙasa ba.

Kafin in shiga bayani ya kamata in faɗi abin da ya sa na damu da wannan al'amari. Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Safana, kusa da Dajin Rugu. Mahaifina manomi ne. Da damina ya noma gero da dawa, da rani kuwa ya koma fadama ya yi lambun albasa da alayyahu da latas da lansir. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta sayi ganyen miya ba. To, kowa ya san abin da ya sami wannan yanki namu. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka matsa wa manoma, zuwa gona ya zama sai an yi shahada. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A wannan shekara muka kwashe kayanmu muka dawo cikin garin Batsari wurin kawuna, ya ba mu ɗaki biyu. Tsakar gidan siminti ce, babu inda za a soka fartanya. Baba, wanda ya saba raba wa maƙwabta alayyahu kyauta, ya koma sai ya ba ni kuɗi in sayo ƙulli ɗaya. Ranar da babu kuwa, sai miyar kuka.

Bara malaminmu na aikin gona ya shigo aji da wata gorar roba, da na'a-na'a ta yi kore shar a bakinta, saiwoyinta farare suna lilo a cikin ruwa. Ya tambaye mu, "Me tsiro yake nema a cikin ƙasa?" Muka yi shiru. Sai ya ce abu huɗu ne: ruwa, da abinci, da iska domin saiwa ita ma tana numfashi, da kuma abin da zai riƙe shi kada ya faɗi. Watau tsiro ba ya cin ƙasa. Ƙasa kamar akushi ce, abincin da ke cikinta shi ne abin bukata. Masana sun ƙirga sinadari 17 da tsiro ba ya rayuwa sai da su. Uku yana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 kuwa saiwa ce ke tsotso su bayan sun narke a ruwa. Manya daga cikinsu su ne waɗanda muke gani a jikin buhun takin zamani da haruffan N da P da K. In aka narka waɗannan sinadarai a ruwa aka ba tsiro, to bukatarsa ta biya.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. Tun wajen 1860 wasu Jamusawa biyu, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa tsiro yana girma a cikin ruwan da aka haɗa da sinadarai. A 1937 wani malamin Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, ya yaɗa sunan da ake kiran wannan noma da shi, watau haidirofonik, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwa da aiki. A nan Afirka ma, daga 2016 Hukumar Abinci ta Duniya ta taimaka wa 'yan gudun hijira a sansanonin Tinduf, cikin hamadar Aljeriya, suka riƙa tsirar da sha'ir a faranti, cikin mako guda ya zama ɗanyar ciyawar awaki. Da na ji wannan sai na ce a raina, ashe akwai waɗanda suka rasa gona kamarmu, ba su kuwa naɗe hannu ba.

Hanya biyu na gwada. Ta farko ita ce ta ƙananan tsirrai, waɗanda ake yankewa tun suna da ganye biyu zuwa huɗu. Wannan ba ta bukatar taki ko kaɗan, domin Allah ya ajiye wa kowace ƙwaya guzurinta a cikinta. Iyayenmu mata ma sun san haka, tun da sukan tsirar da hatsi domin ƙara wa kunu zaƙi. Sai ka sami tsohon tire ko faranti, ka shimfiɗa auduga ko tsumma mai tsabta, ka jiƙa shi, sa'an nan ka barbaɗa iri. Lansir ya fi kowane sauƙi, sai hulba da alayyahu. Ka rufe da faifai kwana biyu ko uku. Da zarar sun tsiro sai ka buɗe, ka kai bakin taga, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Tsumman ya zama da laima kawai, kada ruwa ya kwanta. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 sai ka sa almakashi ka yanke, ka wanke da ruwa mai tsabta. In ka shuka faranti guda kowane kwana uku, ba za a rasa abin kwaɗawa da ƙuliƙuli a gidan ba.

Hanya ta biyu ita ce ta gora, kuma ta dace da na'a-na'a da ɗoɗɗoya da latas da lawashi. Ka yanke kan gorar roba ka kifa shi cikin gindinta kamar mazurari. Ka sa reshen na'a-na'a ko ɗoɗɗoya ta bakin, ka tallafe shi da auduga ko ɓuntun shinkafa, ƙarshensa yana taɓa ruwa. Bayan kamar mako guda zai fitar da saiwa. Daga nan sai ka sauya masa da ruwan taki. Ni nakan narka cokalin shayi ɗaya a shafe na takin zamani mai lamba 15-15-15 a cikin lita 5 na ruwan rijiya, in bari ya kwanta, in tace. Gaskiya wannan taki domin ƙasa aka yi shi, bai ƙunshi sinadaran duka ba, saboda haka wanda ya sami takin da aka haɗa musamman domin noman ruwa ya fi. Amma ya riƙe mini na'a-na'a da lawashi.

Kada ku zaci na dace tun karon farko. Gorata ta fari cika ta na yi maƙil, ina ganin gata nake yi wa tsiron. Kwana kaɗan saiwoyin suka yi baƙi suna wari, ganyen ya yi yaushi. Baba ya duba ya ce, "Kai yaro, ko a fadama in ruwa ya kwanta a kan albasa ruɓewa take yi." Ashe abin da malam ya faɗa ke nan game da numfashin saiwa. Tilas a bar rabin saiwa a sarari, rabi a ruwa. Kuskure na biyu, na bar gorar tsirara, rana ta ratsa ta, gansakuka ta cika ruwan. Maganin wannan shi ne a naɗe gorar da baƙar leda, a kuma toshe duk wata kafa domin kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Na uku, waɗanda na ajiye a ƙuryar ɗaki suka yi tsawo siriri ba ƙarfi saboda rashin haske. Ɗakunanmu masu ƙananan tagogi ne, don haka bakin taga ko ƙofar zaure inda hantsi ke shigowa ya fi.

Akwai gargaɗi uku da nake roƙon iyaye su lura da su. Kada a yi ƙananan tsirrai da irin da aka cuɗa da magani, wanda akan gani da launin ja ko kore, domin guba ne. Kada a ci tsiron dawa, kada kuma a ba dabba, gama yana ɗauke da dafin da kowane makiyayi ya san yana kashe tunkiya. Haka nan ganyen tsiron tumatir da na barkono ba abin ci ba ne.

Da bazara ta kama, ruwan gorunan ya riƙa yin zafi, tsirran suka fara langaɓewa. Na rasa dabara. Wata safiya na fito sai na tarar Baba ya jera su cikin wani tsohon kasko, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ya ce, "Ba ka ga yadda randa ke sanyaya ruwa ba?" Da na gaya wa malam, ya ce ai wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tun daga ranar Baba ya karɓe aikin. Kafin in dawo daga masallaci da asuba ya riga ya duba kowace gora. Yanzu muna da goruna 20 da faranti 4, har Inna takan aika wa matar kawu da lansir.

Ba zan ruɗe ku ba, wannan lambu ba ya cika rumbu. Ba ya ba da gero ko dawa ko rogon da aka san Batsari da shi. Baba ma har yau yakan ce wannan wasan yara ne, noma yana fadama. Gaskiyarsa ce. Amma Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, kuma na lura ya daina yini a zaune a ƙofar gida ya yi tagumi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya nemi faranti guda da ɗan irin lansir ya gwada a wannan hutu. Ina kuma roƙon iyayenmu su sa mana ido, domin abin da muka karanta a littafi su sun daɗe da saninsa a aikace. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mai da kowane manomi gonarsa, amin.