In irin soso ya ƙi tsirowa

Soso tsiro ne mai yaɗo. Yana hawan darni da rumfa, yana fid da furanni masu ruwan ɗorawa. Duma da kabewa da garahuni danginsa ne. A garkar makaranta ana shibka shi a gindin rumfa don ya ba da inuwa. In ƴaƴansa sun bushe kuma, a sami abin wanka da na wanke-wanke.

Irin soso mai kyau yakan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14. Amma wani lokaci sai mako biyu ya wuce ba a ga kome ba. Mai gaggawa sai ya yi ta ƙara ruwa, ko ya sake shibka a ramin nan. Wannan ɓarnar iri ce, ga damana ba ta jiran kowa. Manomi mai lura yakan tone ramin da tsinke, ya fiddo ƙwayar, ya dube ta da kyau.

In ƙwayar ta yi laushi tana wari, ruwa ne ya yi mata yawa. Iri abu ne mai rai, yana numfashi. Ƙasar da ta jiƙe sharkaf, musamman ta laka, ba ta barin iska ta kai gare shi, sai ya ruɓe. Maganin wannan shi ne a gauraya ƙasar da rairayi da ruɓaɓɓen taki, a rage ban ruwa.

In kuwa ƙwayar tana nan da taurinta kamar ranar da aka binne ta, ruwa bai shige ta ba, domin ɓawon irin soso yana da tauri. Sai a goga gefenta kaɗan a kan dutse, a jiƙa ta kwana ɗaya cikin ruwa mai ɗumi. Kada a taɓa wajen tsinin, ta nan saiwa take fitowa. Sanyi ma yana hana ta motsi. Salati da karas suna son ɗari, amma soso ƙasa mai ɗumi yake so, wajen digiri 25 zuwa 30. Wanda ya shibka shi a watan Janairu zai daɗe yana jira.

Wani sa'i a tarar da ɗan farin tsiro ya lanƙwashe ya mutu a ƙarƙashin ƙasa. Rami ne ya yi zurfi, abincin da ke cikin ƙwayar ya ƙare tun bai ga rana ba. Santimeta 2 ya isa, wato kamar gaɓar yatsa ɗaya.

In an sami ramin wayam, aikin ɓera ne ko kaji. A rufe wurin da ƙaya.

Akwai kuma irin da tun asali bai nuna ba. Ƙwayar da ta nuna baƙa ce, cike take. Wadda ba ta nuna ba fara-fara ce, ba nauyi.

Aiki
1. Ku naɗe ƙwaya 10 cikin jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye a wuri mai ɗumi. Kada tsumman ya bushe.
2. Bayan kwana 10 ku ƙidaya waɗanda suka fid da saiwa. In 8 ne, irin yana da kyau. In 3 ne fa, me za a yi?
3. Don me ruwa mai yawa yake kashe iri?