Ɗan Karkara da Neman Digiri na Gaba a Ilmin Harshe

Gabatarwa

Ɗalibin da ya kammala digirin farko a fannin Hausa, kuma yake nufin zurfafa karatu a ilmin harshe, yakan yi karo da tambaya guda tun kafin ya cika takardar neman shiga, wato a kan me zai yi bincike. Sau da yawa ɗalibin da ya fito daga ƙauyukan arewacin Kano, irin su na ƙasar Ɗambatta da Bichi da Minjibir da Tsanyawa, yakan ɗauka cewa babu abin nazari a Hausar garinsu, tun da an ce Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta. Wannan maƙala za ta nuna kuskuren wannan zato, sa'an nan ta bayyana abin da karatun yake bukata.

Waɗanda Suka Share Fage

Haƙiƙa karkarar Kano ta daɗe tana amfanar masana. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya rarraba harsunan Afirka gida huɗu a littafinsa na 1963, ya kuma sanya Hausa cikin dangin harsunan Cadi, a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano ya yi binciken digirinsa na uku a 1938 da 1939. Daga baya 'yan ƙasa suka karɓi aikin. M. K. M. Galadanci ya sami digiri na uku a Jami'ar Landan a 1969 da nazari a kan yankin suna a Hausa, Dauda Bagari kuma ya sami nasa a Jami'ar Kalifoniya a 1976. A Kano ma, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Turanci a 1977, shekarar da Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, sa'an nan ta fitar da Ƙamusun Hausa zalla a 2006. Wannan ya sa ɗalibin yau ba ya bukatar ƙetare teku kafin ya sami malaman da za su duba aikinsa.

Abin da Karatun Ya Ƙunsa

Digiri na biyu hawa biyu gare shi. Da fari ɗalibi zai zauna a aji ya ƙware a rassan ilmin, wato furuci da tsarin sauti da ƙirar kalma da ginin jumla da ma'ana da walwalar harshe. Bayan haka zai gabatar da tsarin bincikensa a gaban malamai, ya fita ya tattaro bayanai, ya rubuta kundi, ya kuma kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a.

Babban abin da yake koya shi ne bambanci tsakanin iya harshe da sanin yadda harshe yake aiki. Alal misali, kowane manomi ya san fari na launi daban, fari na ƙarancin ruwan sama daban, amma mai ilmin harshe ne zai bayyana cewa karin sauti ne ya raba su: na launi sama-sama ne, na rashin ruwa kuwa sama-ƙasa. Haka nan fara mai cin amfanin gona ta bambanta da fara ta launi ta wajen tsawon wasalin farko da kuma karin sauti. Rubutun yau da kullum ba ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya horar da kunnensa, ya kuma iya sanya alamominsu.

Batutuwan Bincike a Arewacin Kano

Na farko shi ne karin harshe. Tun a 1928 Bajamushe August Klingenheben ya bayyana yadda wasu baƙaƙe suke raunana a ƙarshen gaɓa, kamar yadda "k" ta talaka take komawa "u" a talauci. Wani sashe na wannan sauyi bai game ƙasar Hausa duka ba, shi ya sa Bakano yake cewa sauka da zauna, Basakkwace kuwa sabka da zamna. To, hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Bichi da Tsanyawa tana shiga ƙasar Katsina, wadda ta bi ta Ɗambatta da Kazaure kuma tana kaiwa Daura. Wanda ya bi waɗannan hanyoyi ƙauye-ƙauye da jerin kalmomi iri ɗaya zai iya nuna a taswira inda Kananci ya fara gauraya da maƙwabtansa.

Na biyu shi ne kalmomin noma. Masana labarin ƙasa, musamman Michael Mortimore, sun nuna tun cikin shekarun 1960 cewa yawan jama'a a kewayen Kano ya sa ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da taki. Irin wannan noma yana da kalmominsa: binne, wato shukar da ake yi kafin ruwa ya sauka, firi da maimai, wato noma na farko da na biyu, gandu da gayauna, sungumi da magirbi. Idan gidaje suka cinye gona, ko maganin feshi ya maye gurbin fartanya, kalma takan bi aikinta ta tafi. Abin da ba a ɗauka daga bakin dattawa ba yanzu, da wuya a same shi nan gaba.

Na uku shi ne ginin aikatau. F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa aji bakwai a 1960. Ana iya gwada tsarin nasa da maganar manoma: ya nome gonar, wato ya gama ta sarai, ya nomo hatsi, wato ya kawo nan, gonar ta nomu, wato aikin ya yi kyau.

Ladubban Fita Bincike

Ɗan gari yana da gata, domin ya san wanda zai tambaya da yadda zai gaishe shi. Amma yana da tarko biyu. Ɗaya shi ne ya amince da kunnensa har ya rubuta abin da yake zaton ana faɗa maimakon abin da aka faɗa. Ɗayan shi ne mutane su gyara harshensu don sun ga ɗan boko. Maganin duka biyun shi ne ɗaukar hira ta sakin jiki da na'ura, bayan neman izinin mai gari da yardar mai magana, tare da rubuta shekarunsa da sana'arsa da inda ya tashi. Lalle ne kuma a nemi maganar mata, ko da ta hannun 'yar'uwa ce, domin kalmomin surfe da daka da renon yara a bakinsu suke. Rani ya fi dacewa da wannan aiki, saboda da damina manomi ba shi da lokacin zama.

Kammalawa

Digiri na gaba yana cin kuɗi da shekaru, kuma iyayen da suka sayar da hatsi don karatun ɗansu suna da haƙƙin tambayar amfaninsa. Amsar ita ce, daga irin wannan bincike ake samun malaman harshe da masu fassara da masu tsara ƙamus da littattafan makaranta. Ɗalibin da ya rubuta Hausar ƙauyensu bisa ƙa'ida ya ajiye wa na baya abin da babu wanda ya fi shi damar ajiyewa.