Duban Fuskar Wata da Madubin Hangen Nesa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan wata, da abin da ke bisa fuskarsa, da hukuncin dubansa da madubin hangen nesa.

A ƙasar Gwandu da Kalgo, kamar sauran ƙasar Hausa, ran 29 ga Sha'aban jama'a kan fita bayan gari da almuru, ido yana yamma, ana neman jinjirin wata. Da ya tsaya sai a watse, kaɗan ne ke sake ɗaga kai sai an zo neman watan Salla. Alhali kuwa Alkur'ani ya ja hankali ga wata a wurare da dama. Aya ta 189 ta Suratul Baƙara ta nuna cewa jinjirin wata ma'aunin lokaci ne ga mutane da aikin Hajji. Aya ta 5 ta Suratu Yunusa ta ambaci masaukansa domin sanin ƙidayar shekaru da lissafi, ta kuma kira hasken rana liya'u, na wata kuwa nuru. Baidawi ya kawo a tafsirinsa cewa liya'u haske ne na zatin abu, nuru kuwa na aro ne. Haka abin yake, domin wata ba shi da wuta, hasken rana ne ke sauka a kansa ya dawo duniya. Almajiran Gwandu sun san kalmar liya'u sarai, tun da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin, da ita ya fara sunayen littattafansa masu yawa, har da tafsirinsa Liya'ut Tawili.

Wasu suna ƙyamar wannan fanni don suna ɗaukarsa duba ne. Malamai sun raba abin gida biyu. Akwai da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari, watau a ce tauraro kaza ne zai kawo arziki ko mutuwa, wannan haramun ne. Akwai kuma sanin tafiyar rana da wata domin gane alƙibla da lokutan salla da shigar damina, wannan ilmi ne abin yabo. Ran da ɗan Annabi, Ibrahim, ya rasu an yi husufin rana, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne, Annabi ya hore su da cewa husufi ba ya aukuwa don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shugabannin jihadi sun riƙe wannan bambanci. A 1824 Baturen Ingila Clapperton ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama a Sakkwato, ya tarar Sarkin ya san buruji duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci.

Nisan wata daga duniya wajen kilomita 384,400 ne, faɗinsa kuwa kilomita 3,474. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watan Musulunci ke yin 29 ko 30. Fuska ɗaya yake nuna wa duniya kullum, domin juyawarsa a kan kansa da kewayarsa ga duniya lokaci ɗaya suke ci. Ba a ga bayansa ba sai 1959, da kumbon Rasha Luna 3 ya ɗauko hotonsa.

Tabon nan baƙi-baƙi da ake gani da ido ya daɗe yana damun masana. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta risala guda a kansa. A 1609 Galileo na Italiya ya ɗora madubi a kan wata, ya ga duwatsu da ramuka. Turawan farko sun zaci tabon ruwa ne, suka kira shi teku, sunan kuwa ya bi shi har yau. Amma filaye ne na narkakken dutse wanda ya malalo ya daskare shekaru fiye da miliyan dubu uku da suka wuce. A ɗaya daga cikinsu, Tekun Natsuwa, 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a 1969. Ramukan kuwa gurabun duwatsun sama ne da suka faɗo da ƙarfi. Da yake babu iska ko ruwan sama a can, gurbi kan zauna yadda yake shekaru aru-aru.

Mai son gani kada ya jira daren sha huɗu. A daren nan rana tana dukan fuskar wata kai tsaye, babu inuwa, sai haske mai kashe ido. Daren bakwai da na takwas sun fi, sa'ad da wata ke rabi yana sama bayan magariba. Sai ya kafa madubin a kan abin da ba ya rawa, ya bi iyakar haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke miƙewa kamar inuwar kuka da hantsi. Nan kusa da tsakiyar fuskar zai ga wani babban rami mai sunan Albattani, masanin falaki da ya rasu a 929. Akwai kuma ramuka masu sunayen Ibnul Haisam da Assufi da Azzarƙali da Halifa Ma'amun. A daren tara ko goma ramin Kofanikus, mai faɗin kilomita 93, yakan fito sosai. Lokacin kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin hazon hunturu, ya fi dacewa, filin fadamar Kalgo kuwa ba abin da ke tare ido. Gargaɗi guda: kada kowa ya kuskura ya dubi rana da madubin, yana makantarwa nan take.

Amfanin wannan ilmi ga ibada a fili yake. A mazhabar Maliku wata yana tabbata da shaidar adilai biyu ko ganin jama'a mai yawa, in ba a gani ba a cika talatin, sanarwa kuma ta Sarkin Musulmi ce. Mutumin da ya saba da wata ya san jinjiri yana bayyana kusa da mafaɗar rana, gefensa mai haske yana fuskantar inda ta faɗi, kuma ba ya daɗewa. Irin wannan ba zai ga zara ko ɓallin gajimare ya rantse ya ga wata ba, har ya sa gari ya ɗauki azumi ko ya sha ruwa a kan kuskure. Malamai da yawa na wannan zamani sun yarda a nemi taimakon madubi, domin gani ne dai da ido.

Saboda haka ya kamata makarantun Islamiyya na Gwandu da Kalgo su haɗa kuɗi su sayi madubi ko da ƙarami ne, su nemi malaman kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, su koya wa almajirai aiki da shi. Allah Ya ƙara wa Musulmi ilmi mai amfani, amin.